Littafin Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Ranar da Alhassan ya sauke kwalin daga bayan jaki a ƙofar ɗakin shan magani, ranar ce komai ya canza wa Na'Allah. Bazarar 1985 ce, wajen hantsi. Ban da wannan babu abin da ya faru a ranar.

Damina biyu ke nan a jere gero yana bushewa tun bai kai gwiwa ba. Gulbi ya koma yashi. Mata sukan tona ramuka a tsakiyarsa, su zauna jiran ruwa ya tsatso, su kwashe da ƙoƙo, taku kaɗan daga inda shanu ke faɗuwa. Ta nan amai da gudawa suka shigo ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa. A kan kantar ɗakin shan maganin kuwa babu abin da ya rage sai bandeji, da maganin miki, da kwalabe wayam da Na'Allah yake gogewa kowace safiya don kada a ce ba ya aiki.

Shekararsa ashirin da biyu yana malamin asibiti a wannan ƙauye. Likita ake ce masa, bai kuma taɓa gyara wa kowa ba. Duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya karance ta, daga tsofaffin littattafan jinya har jaridar da aka ƙunso masa ƙosai. Faransanci ma a jikin kwalaye da bakin fatake ya tsince shi. Karatun nan ya bar masa hali guda: ba a gaya masa magana ya karɓa sai ya juya ta ya duba ƙarƙashinta. Mutane suna girmama shi saboda haka, suna kuma canza hanya idan sun hango shi.

Alhassan falke ne. An rufe iyaka a lokacin, amma jakinsa bai san da wannan doka ba.

"Likita, ƙarshen zawo na kawo ma," in ji shi. "Can ƙetare shi aka sha. Ɗigo goma ga babba, biyar ga yaro. Sai dai a hana mutum ruwa yini da kwana, don kada ruwa shi wanke magani."

Na'Allah ya buɗe kwalin. Ƙananan kwalabe ne masu ruwan ƙasa, da wari mai ɗaci. Ya ciro takardar da aka naɗe a ciki, ya gyara zaman gilashinsa.

"Mi tac ce?" in ji Alhassan.

"Ta ce an gwada shi ga mutum ɗari biyu, an samu nasara."

"To, ka ji!"

"Ban ji komi ba. Su wane ne ɗari biyun? Wane gari? Irin zawonmu sunka yi, ko na wanda yac cika cikinai da mangwaro? Wa yaƙ ƙidaya su, mai saidawa? Waɗanda ba a ba maganin ba, nawa sunka tashi da kansu? Takarda ba ta hwaɗi ba. Maganar hana ruwa ma ban gan ta nan ba."

"Wannan daga bakin mai shagon na ji. Kai dai, Likita, ko innarka ta aiko ma da hura, sai ka tambayi wa yad dama ta."

Na'Allah ya dubi kantarsa, ya dubi mutum huɗun da ke kwance a inuwar dalbejiya tun asuba. Ya ce a bar kwalin.

"Ba don takarda ba," in ji shi. "Za ni gwada shi da kaina. Abin da idona ya gani, shi kaɗai za ni rubuta."

Ya ji daɗin wannan magana a bakinsa. Shekaru da yawa bayan haka yana iya tuna daɗin.

Ya ɗauko sabon littafi mai baƙin bango, ya ja masa layuka da rula: suna, gari, ciwo, magani, sakamako. Ba kamar masu takardar Faransanci ba, shi ya san mutanensa da sunan iyayensu. Ya kuma san ba a rubuta sakamako daga kan kujera, don haka kowace ranar kasuwa yakan hau kekensa ya tafi Sabon Birni da littafin a aljihun riga, ya bi rumfa rumfa yana neman dangin waɗanda ya ba magani.

A mako na biyu matarsa Safiyatu ta dawo daga Isa, inda ta je sunan jikar yayarta. Shekararsu ashirin da shida tare. Ba ta karanta boko, amma duk ƙauyen ita kaɗai ce take iya katse shi yana tsakar magana.

"Malam, ka ji abin da anka koya muna," in ji ta, tana kwance ƙunshin tafiya. "Wata malamar asibiti, Rahmatu, ta tara mata ƙarƙashin icce. Ruwa dahwahhe kwalbar lemo biyu, gishiri ɗan kaɗan, sukari ƙwaya biyar. Duk sadda mai zawo ya zaga, a ba shi shi sha. Ko ya amayar, a jinkirta a sake ba shi."

"Wannan ai miya ce aka manta da kuka."

"Ta ce can wata ƙasa ta gabas, lokacin yaƙi, a sansanin 'yan gudun hijira, talatin cikin ɗari ka mutuwa. Da anka fara ba su wanga ruwa, sai ukku ko huɗu."

"Ta nuna maki takarda?"

"In ta nuna min karantawa za ni yi? Kai ad da gilashi."

"Ita ta gani da idonta?"

"Kai ka ga ɗari biyun Alhassan da naka?"

Ta kama shi. Mutum ne mai son a ce yana da adalci, sai ya ce to, zai gwada duka biyun, littafi ya raba gardama.

Rabon da ya yi kuwa, halin shekarar ne ya yi masa shi. Sukari sai a teburin cikin ƙauye ake samu, itacen dafa ruwa ma ya zama abin nema. Mutanen unguwarsa da na kusa ya koya musu ruwan gishiri da sukari. Fulanin da suka tako daga rugagen wajen Kurawa, da manoman nesa, sai ya ɗiga musu magani a 'yar kwalba su tafi da ita, da kashedin hana ruwa. Bai rubuta wannan ba. Bai ja masa layi ba tun farko, babu inda zai shiga.

Cikin waɗanda suka karɓi kwalbar akwai Labbo, wani makiyayi da suka saba tun suna samari, wanda ya zo karɓa wa matarsa Adda. Kwana biyu bayan haka Na'Allah ya gan shi a kasuwa, tsaye kan wata saniya da ƙasusuwanta suka fito har ana iya ƙirgawa.

"Bahillace, wannan saniya ce ko tsani?"

"Bagobiri, har yau haushin Alƙalawa bai bar ka ba?"

"Sai randa kunka zo kunka gina muna abin da kunka rushe. Ƙaƙa mai jiki?"

"Da sauƙi, Likita. Zawon ya tsaya. Mun gode Allah."

Na'Allah ya jingina littafin a kan sirdin keke, ya rubuta a gaban sunan Adda da jan biro: ta warke.

Haka ya yi ta yi. Wanda danginsa suka ce da sauƙi, ya warke. Wanda kasuwa biyu ta wuce ba a ga kowa nasa ba, shi ma ya warke, domin shekara ashirin da biyu sun koya wa Na'Allah cewa mai ciwo ne yake dawowa, mai lafiya gabansa yake yi. Shekarar kuma kowa tafiya yake, wasu kudu da ragowar dabbobi, wasu cin rani da babu ranar dawowa.

Masu ruwan gishiri kuwa sun dame shi. Kullum suna ƙofarsa. Larai maƙwabciyarsu sau uku tana zuwa, riƙe da ciki, tana cewa ita fa an mayar da ita rariya, ta sha ta zubar, ta sha ta zubar, ko ba ta kai a ba ta na kwalba ba ne? Kowane zuwa sai ya rubuta: ta dawo, bai tsaya ba.

Bayan mako bakwai ya zauna a zaure ya haɗa lissafi. Masu ɗigo mutum arba'in da ɗaya, talatin da takwas sun warke, uku sun rasu, su ma don a farkon gwajin ne kuma 'yan kusa ne, ya ji jana'izarsu. Masu ruwan gishiri goma sha tara, goma sha huɗu sun dawo da ƙorafi, biyu sun rasu. Ya shiga cikin gida da littafin a buɗe kamar mai shiga da tsaraba.

Safiyatu tana tsince wake. Ta saurare shi har ya gama.

"Ni ban san lissahi ba," in ji ta. "Amma sha huɗun nan, da ƙahwarsu sunka dawo ko ɗauko su anka yi?"

"Da ƙafarsu."

"To. Larai ma ga ta can tana daka, tana zagin gishiri. Ka ji taɓaryarta?"

Ana jin taɓaryar kuwa ta bayan katanga.

"Larai ƙarfin jiki ne da ita," in ji shi. "Mutum ɗaya ba hujja ba ne."

"Waɗanda ba ka gani ba hwa, su hujja ne?"

Ya rufe littafin, ya ce ba za a yi gardamar ilimi da mai tsintar wake ba. Ta ce wake dai sai an duba shi ɗaya bayan ɗaya. Suka yi dariya su biyun, aka bar maganar.

Kwana tara bayan haka, da aka idar da sallar asuba, Safiyatu ta fara zagayawa. Kafin rana ta hau katanga ta je sau shida, abin da ke fita kamar ruwan wankin shinkafa. Na'Allah bai yi wata-wata ba. Ya ɗiga mata goma a cokali, ya dubi agogon hannunsa, ƙarfe tara daidai. Ya ɗauke moɗar da ke kan randa ya sa a aljihu, ya tafi wurin aiki, domin akwai mutane a gindin dalbejiya.

Da azahar ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida. Ta rarrafo daga ɗaki har gindin randa, ta ture faifan da ke rufe da ita, tana ƙoƙarin kai kwanon miya bakinta. Ya riƙe hannunta. Bai fizge ba, a hankali ya zare kwanon daga yatsunta, ya mayar da ruwan. Ya kai ta ɗaki, sa'an nan ya mirgina randar har ɗakin littattafansa, ya sa kwaɗo.

"Malam, ruwa."

"Ki yi haƙuri zuwa gobe ƙarfe tara."

"Ko na gishirin ne. Kurɓi ɗaya."

"Talatin da takwas cikin arba'in da ɗaya, Safiyatu. Da hannuna na rubuta."

Ta motsa baki kamar mai dariya, sauti bai fito ba. "Da lissahi za ka shayar da ni?"

Wajen la'asar zawon ya tsaya, kamar yadda ya tsaya wa kowa. Ya ji sanyi a ransa. Cikinta ya ɗan kumbura, idanunta sun faɗa, barci mai nauyi yana fizgarta. Ya tsunkuli fatar bayan hannunta, fatar ta tsaya a yadda ya bar ta, ba ta koma ba. Ya san ma'anar wannan. Yana iya ganin shafin da aka yi bayaninsa a tsohon littafin jinya, har da zanen da ke gefe. Amma wancan littafi wani ne ya rubuta a wata ƙasa, a kan mutanen da bai sani ba. Mai baƙin bango kuwa nasa ne.

Larai ta leƙo ta kan katanga. "Likita, ƙaƙa mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi.

Washegari tun da safe ya buɗe ɗakin littattafai, ya cika moɗa, ya zo ya zauna kusa da ita. Har sukari ya jefa a ciki, da ɗan gishiri, don ta ga ba ƙin maganarta yake yi ba. Ƙarfe takwas da rabi ta buɗe ido. Ba shi ta duba ba, moɗar ta duba. Laɓɓanta sun tsage, harshenta ya ƙi juyawa. Ya nuna mata agogo, ya ce saura kaɗan. Ya zauna yana duban dogon hannun agogon yana tafiya, moɗar a hannunsa.

Ƙarfe tara saura minti goma sha ɗaya, ta cika.

Aka yi mata sutura kafin azahar. Masu ta'aziyya suka cika zaure, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, shi ma yana amsawa haka. Da aka watse ya buɗe littafin, ya rubuta sunanta a lamba ta arba'in da biyu cikin masu ɗigo, ya rubuta: ta rasu. Har a lokacin bai zargi kwalbar ba. Talatin da takwas cikin arba'in da biyu magani ne mai kyau. Ya gaya wa kansa cewa dole wani ya faɗa cikin huɗun, ita ce Allah ya zaɓa. Da wannan ya rayu kwana bakwai.

Ranar sadakar bakwai Labbo ya zo. Ya jingine sandarsa a bakin zaure, ya tsuguna, ya yi gaisuwa doguwa, babu zancen Alƙalawa. Da mutane suka ragu, Na'Allah ya nemi abin da zai ce don kada shirun ya yi yawa.

"Ƙaƙa Adda? Ta koma tallan nono, ko nonon ne babu?"

Labbo ya sunkuyar da kai.

"Adda ta riga mu, Likita. An yi arba'in ɗinta."

"Wace Adda?"

"Wadda kas sani."

"Kai da bakinka kac ce min da sauƙi. A kasuwa, gaban saniyarka."

"Na ce. Ranar tana numfashi. Kahin in kai gida anka rufe ta." Ya ɗago kai, fuskarsa babu zargi, mamaki ne kawai. "Mi aka cewa, Likita? Kai ɗan ƙasar nan ne. Ka taɓa jin wanda anka tambaya mai jiki yac ce babu sauƙi?"

Fuskar Larai Na'Allah yake gani a kan katanga, yana jin muryarsa tana ba ta amsa.

"Mi ya hana ka zo ka gaya min daga baya?"

"In zo in ce mi? Ka ba mu magani da zuciya ɗaya. In tako har ƙofarka da labarin mutuwa, ai kamar na ce kai ne. Mu ba mu yin haka. Illo ma bai zo ba, ɗiyanai biyu sunka tahi. Laraba ma, matar ƙanena. Duk mun ce kada a ɓata ma rai, kana ƙoƙari."

'Ya'yan Illo biyu. Laraba. Na'Allah ya san lambobinsu ba tare da ya duba ba: goma sha bakwai, goma sha takwas, ashirin da shida. Dukansu da jan biro.

Washegari ya ɗaure gorar ruwa a keke, ya sa littafin a aljihu. Kwana goma sha biyu ya yi yana yawo. Ya bi rugagen wajen Kurawa, ya gangara Kamarawa, ya kai har ƙauyen da ke kusa da kufan Alƙalawa, inda yashi ya hana keke tafiya ya riƙa turawa. Wannan karon bai tambayi kowa yaya mai jiki ba. Yakan yi sallama, a gaisa, sai ya ce, "Ina wane? A kira min shi in gan shi." Rashin kunya ce a ƙasar nan baƙo ya yi haka, ya ga yadda fuskoki suke canzawa. Wani wurin sai a shiga a fito da mutum, ramamme amma a tsaye. Wani wurin sai maigida ya ce a kawo wa Likita tabarma, daga nan ya san amsa. A wata ruga bai tarar da kowa ba, sai turaku da busasshen kashin shanu, da 'yar kwalba mai ruwan ƙasa a gindin wata aduwa, murfinta a rufe da kyau.

Ko waɗanda suka gaya masa mutuwar sai da suka yi masa godiya. Wata tsohuwa a Kamarawa ta ce maganin yana da kyau ƙwarai, zawon ɗanta tsayawa ya yi cak, cikin barci ya tafi, bai wahala ba in ban da ƙishirwa.

Cikin talatin da takwas ɗin da ya rubuta sun warke, ya ga goma sha uku da idonsa. Goma sha huɗu suna ƙarƙashin ƙasa. Goma sha ɗaya fari ya kore su, babu wanda ya san inda suke, balle yadda suke. Cikin goma sha ukun da ya gani, tara sun amsa masa, suna sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama da sata, cewa sun karya dokarsa sun sha ruwa a ɓoye. Masu ruwan gishiri kuwa bai yi tafiya nemansu ba. Suna nan kewaye da gidansa, goma sha bakwai, suna daka, suna faɗa da awaki.

Ya dawo ya fasa kwalaben da suka rage ɗaya bayan ɗaya a cikin rami bayan ɗakin shan magani, ya rufe da ƙasa. Da Alhassan ya sake zuwa da wani kwalin, Na'Allah bai ɗaga murya ba. Ya buɗe masa littafin, ya karanta masa sunaye goma sha takwas, na ƙarshen Safiyatu. Alhassan ya ce wallahi shi abin da aka gaya masa ya faɗa. Na'Allah ya ce ya sani, shi ma haka.

Da a ce lissafin na biyu ya yanke masa hukunci, da ya fi masa sauƙi. Amma mutumin da ya saba juya magana ba ya iya dainawa ko a kan kansa. Ya ga cewa na nesa ba sa takowa sai ciwo ya ci ƙarfinsu, yunwa kuma ta riga ta cinye su, na kusa kuwa tun zawon farko suke zuwa. Ya ga cewa bai san ko ɗigon ne ya kashe ba, ko hana ruwan, ko biyun tare. Ya ga goma sha ɗayan nan da suka ɓace, waɗanda suke iya karkatar da lissafin ko ta ina. Mutum sittin ma ba su isa a kafa hujja da su ba. Biyu sun mutu duk da ruwan gishirin, Safiyatu tana iya zama ta uku. Littafin da ya ba shi tabbacin hana ta ruwa, yanzu da aka gyara shi ya ƙi ba shi tabbacin komai, ko na cewa shi ya kashe ta.

Daga baya takardu suka zo daga ma'aikata, da hotunan da ake mannawa a bango: kwalba biyu, cokali, ƙwayoyin sukari. Ya nemi rubuce-rubucen likitoci ya karanta, ya tarar da labarin sansanin nan na gabas, da lambobinsa, kusan yadda ta faɗa masa tana kwance ƙunshin tafiya. Ya koya wa mata haɗin har ya yi ritaya. Ya ƙara layi biyu a sabon littafinsa, ɗaya na nisan gida, ɗaya na wanda ya ga mara lafiyar da ido. Ba ya rubuta ya warke sai mutum ya tsaya a gabansa. Aka ce Likita ya ƙara tsanani tun rasuwar matarsa, ba ya ma karɓar gaisuwa yadda ake yi.

Bai sake aure ba. Randar ta koma wurinta a tsakar gida, kullum a cike, ko da yake shi a buta yake sha. Da azahar, idan rana ta take, ƙauyen ya yi tsit har kaji sun shige inuwa, yakan ji ƙarar faifai yana zamewa daga bakin randa, da ɗan ƙwanƙwasar kwano a jikin yumɓu. Ya san iska ce, ko ƙadangare. Ya duba sau da yawa, domin shi ba ya yarda da abu sai ya gani. Faifan yana nan a rufe.

Duk da haka yakan tashi. Yakan cika moɗar nan, ya shiga ɗakinta, ya zauna a gefen gadon da babu shimfiɗa. Ya daina ɗaura agogo tun wancan hantsi, amma ya san minti goma sha ɗaya ba tare da shi ba. Ya sha tunanin abin da ya kamata ya gaya mata: cewa ita ce da gaskiya, cewa tambayarta ta mai tsintar wake ta fi duk layukan da ya ja da rula, cewa ta yafe masa. Amma waɗannan dogaye ne, ba ta da lokacin jinsu a ranar, ba kuma su take jira ba. Abin da take jira yana bakinsa tun ƙarfe takwas da rabi, yana riƙe da shi don agogo bai kai ba.

"Sha, Safiyatu."